Littafin aiki: koya wa kwamfuta shafa launi a katun ɗinmu

4 ga Maris

Zanen layi ya kusa kammala, saura launi. Fim ɗin minti ɗaya da rabi ne: yarinya, kyanwarta mai ratsi-ratsi, da laima a cikin ruwan sama. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, mu kuma kowane zane muna barinsa ya tsaya hoto biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Daƙiƙa 90 sau 12, zane 1,080 ke nan. Akwai wuraren da ba a motsi, amma yarinya da kyanwa da laima kowanne a fallensa yake, don haka abin da aka rage can ya dawo nan. Mu biyu ne. Abokin aikina na zane da fensir a takarda, ni ke da sikana da kwamfuta.

Abin da nake so: in shafa wa zane ɗaya launi da hannu a kowace fitowa (wato kowane yanki na fim ɗin), kwamfuta ta ɗauki launukan ta bi sauran da su. Ba na son ta zaɓa mini launi. Rigar yarinya rawaya ce, rawaya guda mai lamba guda, daga farkon fim har ƙarshe.

Wannan wahala tsohuwa ce. Tun da Earl Hurd ya yi rajistar dabarar zane a kan falle mai shara-shara a 1914, ake zana layi a gaba, a juya fallen a shafa fenti a baya, ɗaya bayan ɗaya, a jira ya bushe. Kamfanonin Disney da Pixar sun haɗa tsarin CAPS na shafa launi a kwamfuta, kuma a 1990 aka fitar da cikakken fim na farko da aka yi wa launi da shi. Ya kawar da buroshi da jiran bushewa, amma mutum ne dai yake danna bokitin fenti, wato abin cika launi na manhaja, gurbi bayan gurbi. Dannawar nan nake son ragewa.

Kayan aiki duk kyauta ne: manhajojin zane Krita da OpenToonz, da Python da zan rubuta shirin kwamfuta da shi, tare da OpenCV mai sarrafa hoto. Lokaci kawai za mu kashe.

7 ga Maris

Sikanin fitowa uku na farko. Takardun na da ramuka a sama, da su nake daidaita zanen don kada hoto ya riƙa rawa. Kowane zane ina ajiye shi iri biyu. Na farko layin fensir yadda yake, da laushinsa, shi mai kallo zai gani a sama. Na biyu baƙi da fari zalla, babu ruwan toka ko fiksel ɗaya, shi kwamfuta za ta yi lissafi da shi. Idan aka zuba launi a kan layi mai laushi, bokiti yana tsayawa kafin ya kai tsakiyar layin, sai a ga farin zobe siriri ya kewaye komai. Yawancin kamfanonin katun na Japan ma da layi baƙi ƙirin suke aiki, sai a ƙarshe su tausasa gefensa.

9 ga Maris

Share ƙurar sikana da ɗigon fensir. Duk baƙin da bai kai wani ƙaramin girma ba, kuma bai jingina da layi ba, shirin yana goge shi. Na ware ɗigon idon kyanwa don kada ya tafi da su.

12 ga Maris

Kafofi, wato 'yan gibin da ke cikin layi. Layin fensir ba ya rufewa yadda ido ke zato. Ido na ganin kunne a rufe, kwamfuta na ganin kafa ta fiksel biyu a inda kunne ya haɗu da kumatu, launin fata ya zurara ta nan ya cika takarda duka.

Na fara da kumbura layukan kafin a zuba launi. Kafofi sun toshe, amma farin ido da tsakanin yatsu da cikin baki sun toshe tare da su. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai na koma dabarar ƙwallo da aka wallafa a 2009. Maimakon launi ya gudana ta ko'ina, sai a ɗauka ƙwallo ce mai wani girma take yawo a cikin gurbin, duk inda ta taɓa nata ne. Kafar da ta fi ta ƙanƙanta ba za ta iya wucewa ta ciki ba. Ana farawa da babbar ƙwallo ta cinye manyan gurabe, riga da fuska da laima, sai a rage girmanta a sake bi ta abin da ya rage, har a kai ga ƙarama da ke shiga farin ido. Zurarar launi ta ragu sosai. Sabuwar matsalar ita ce lunguna: tsinin gashi da kusurwar kwala, inda babbar ƙwallo ba ta kai, suna fitowa a matsayin gurabe masu zaman kansu. Zane ɗaya da nake ƙirga gurbi kamar arba'in a cikinsa ya fito da fiye da ɗari. Na sa doka: ƙaramin gurbin da babu layi tsakaninsa da maƙwabcinsa a haɗe su.

Amma akwai kafofin da gangan aka bar su. Abokin aikina ba ya rufe ƙasan gashi inda ya kwanta a wuya, kuma yana son hakan. Da na nuna masa sai ya ce, "Malam, ni fa don mai kallo nake zane, ba don injinka ba." Gaskiyarsa. Mun shirya a kan zai rufe irin waɗannan wurare da koren fensir, kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin shinge, a fim kuma a ɓoye shi. Shuɗi zai zama iyakar inuwa, ja iyakar ƙyalli, kamar yadda ake yi a Japan. Wannan na nufin sikanin baƙi da fari da muka riga muka yi ba zai yi amfani ba, sai an maimaita da launi bayan ya bi zanen da kore.

16 ga Maris

Kafin abokin aikina ya gama, na gwada abin cika launi na Krita, wanda ke aiki irin na dabarar LazyBrush ta Daniel Sýkora da abokan aikinsa, ita ma ta 2009. Kana ɗan ja-ja da launi a cikin kowane gurbi, ita kuma ta nemi inda ya fi dacewa launuka biyu su rabu, ta bi baƙin layi, inda layin ya yanke ta tsallaka ta gajeriyar hanya. A zane ɗaya abin sha'awa ce, kafa ba ta dame ta ba ko kaɗan. Sai dai ja-jan a wuri ɗaya yake zaune, yarinya na ɗaga hannu launin hannu ya faɗa kan riga. Da ita zan riƙa yin zanen farko na kowace fitowa. Sauran aikin shirin ne.

20 ga Maris

Zuciyar aikin: gane cewa wannan gurbi a zane na biyu shi ne wancan a zane na farko. Shirin yana auna wa kowane gurbi faɗinsa, inda tsakiyarsa take, siffarsa, da su wa ke maƙwabtaka da shi. Daga nan ya jera teburi, kowane gurbi na zanen baya da kowane na zanen gaba, da maki na yadda suka bambanta. Zaɓen haɗin da jimillar bambancinsa ta fi ƙanƙanta tsohon lissafi ne, Harold Kuhn ya wallafa hanyarsa a 1955, kuma SciPy, kayan lissafi na Python, na da irinsa a shirye, layi ɗaya ne.

Na gwada a fitowa ta biyu, inda yarinya ke tsaye tana kallon sama, gashinta kawai ke kaɗawa. Ta fita tas, in ban da wasu 'yan tsinin gashi. Na san fitowa ce mai sauƙi, amma ganin zane talatin da wani abu sun cika da launi kafin in miƙe daga kujera ya yi mini daɗi.

23 ga Maris

An gama maimaita sikanin. Koren fensir mai haske yana ɓacewa a sikana, don haka abokin aikina ya koma amfani da mai duhu.

27 ga Maris

Fitowa ta huɗu ta rushe komai. Yarinya na miƙa hannu ta gaban jikinta don ta ɗauki laima. Da hannun ya ratsa riga, gurbi ɗaya ya zama biyu, sama da ƙasa. Lissafin Kuhn ɗaya-da-ɗaya yake haɗawa, don haka rabin riga na sama ya sami rawaya, na ƙasa ya rasa abokin haɗi ya ƙwace na siket. Siket ya ƙwace na safa, safa ta ɗauki launin fata. Tunda kuma kowane zane daga wanda ya gabace shi yake gādo, ɓarnar da ta faru a zane na biyar ta bi har na ƙarshe, tana ƙaruwa. Zuwa ƙarshen fitowar yarinya na sanye da riga kala uku.

Haka abin yake da baki. A rufe layi ne kawai, yana buɗewa gurabe uku su bayyana, haƙori da harshe da duhun ciki, babu ɗayansu da ke da uba a zanen baya.

Da na zauna da shi sai na ga tambayar da nake yi wa kwamfuta ta fi abin da nake buƙata tsauri. Ba ruwana da wane gurbi ne wane, launinsa kawai nake so. To gurabe biyu ko uku su gāji gurbi ɗaya ba laifi ba ne. Na sauya zuwa tambayar: wannan gurbin, a cikin wane gurbin baya mafi yawansa ya faɗa? Masu bincike a jami'ar Nanyang ta Singafo sun wallafa aiki a 2024 a kan wannan tunani, su da koyar da na'ura suka yi, nawa lissafin mamaya ne kawai, amma matsalar guda ce.

Gyara na biyu: launi da hannu a zanen farko da na ƙarshe, shirin ya taho daga gaba ya kuma taho daga baya. Baki buɗaɗɗe da babu shi a farko yakan samu a ƙarshe. Inda tafiyar biyu suka yarda, a zuba launi. Inda suka saɓa, ban yanke ba tukuna.

2 ga Afrilu

Na yanke, kuma ina ganin shi ne abu mafi muhimmanci da aka yi tun farkon aikin. Inda shirin ba shi da tabbas, kada ya yi hasashe. Ya cika gurbin da ruwan hoda mai kashe ido wanda babu shi a fim, ya wuce.

Dalilin daga dubawa ya fito. Lokacin da shirin ke cika komai, yana samun mafi yawa daidai, amma ban san inda ya kauce ba, don haka dole in buɗe kowane zane in bi shi gurbi-gurbi. Binciken zanen da aka riga aka shafa bai fi shafa shi daga farko sauri sosai ba, kuma ya fi gajiyar da ido, don kana neman abin da wataƙila babu shi. Riga kala uku ba ta ba ni tsoro, daga nesa ake ganinta. Abin tsoro shi ne kusa-kusa: launin fata da inuwar fata sun musanya a yatsa ɗaya, ko farin ido ya zama fanko. Na biyun nan mugu ne. A kan farar takarda fari da fanko iri ɗaya suke, sai an ɗora yarinya a kan hoton baya sannan a ga sararin sama ta cikin idonta. Tsakanin yatsu kuma akasin haka, wurin da ya kamata ya zama fanko ya cika da fata, hannu ya zama dunƙule na tsawon zane ɗaya. A tsaye ba ka lura, a motsi sai ka ga wani abu ya ƙifta.

Yanzu shirin yana barin gurabe da yawa babu launi fiye da da, a takarda kamar ya ja baya, amma fitowa tana fita daga hannuna da wuri. Duk mai tallar manhaja da ke cewa tana samun kashi kaza cikin ɗari daidai, abin da zan tambaye shi shi ne ko tana faɗa mini inda sauran suke.

Na ƙara abu biyu. Shirin ya daina ajiye launi, lamba yake ajiyewa: riga 3, fata 5, fanko 0. OpenToonz ma haka take yi a nata nau'in zanen, kana sauya launi a jeri ya sauya a duk zanen. Da wannan na yi jerin launuka na bincike, masu faɗa da juna: fata kore, inuwar fata ja, fari shuɗi, fanko baƙi. Ina kunna fitowa a haka a saurinta na gaskiya, duk abin da ya ƙifta in tsaya.

6 ga Afrilu

Na yi hayar kwamfuta mai ƙarfi ta intanet na 'yan sa'o'i, na gwada ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke zana hoto da kansu. Kuɗin da aikin ya ci ke nan zuwa yanzu, ban da takarda da fensir. Irin waɗannan sun daɗe suna burgewa a zane guda, tun fitowar manhajar shafa launi ta PaintsChainer a 2017. Hoto ɗaya-ɗaya ya fito da kyau, har da haske da ban nema ba. A jere kuwa rawayar riga na numfashi, nan ta yi duhu can ta yi haske, kuma ta sake zana layin abokin aikina, ta gyara masa hanci. Abin da ya kashe maganar shi ne gyara. Ba gurabe take bayarwa ba, hoto ne dunƙule, idan takalmi ya fito ba daidai ba babu inda zan danna bokiti. Na rufe hayar.

10 ga Afrilu

Laima. Ɓangare takwas, ja da fari bi da bi, yarinya na juya ta sau ɗaya a daƙiƙa, ana kallonta daga sama. Shirin ya cika duka babu ruwan hoda ko ɗaya, wato yana da cikakken tabbaci. Da na kunna, laimar na juyawa baya, a hankali.

Lissafin ya bayyana shi. Kowane ɓangare digiri 45 ne. Zagaye ɗaya cikin zane 12 na nufin digiri 30 a kowane zane. Kwamfuta layi kawai take gani, kuma a layi duk ɓangarorin iri ɗaya ne. Ɓangaren da ya matsa gaba da 30 ya fi kusa da inda maƙwabcinsa yake a da, tazarar 15 kawai, sai ta ɗauka shi ne maƙwabcin ya ja baya kaɗan. Duk juyin da ya wuce digiri 22.5 a zane ɗaya haka zai yi. Shi ne abin da ke sa tayar mota ta yi kamar tana komawa baya a fim. Mai kallo ba zai ruɗe ba idan launi ya zauna daidai, domin ja da fari sai bayan digiri 90 suke maimaituwa, 30 kuma bai kai rabin haka ba. Tafiya daga gaba da daga baya ma ba ta kama shi ba, duka biyun ruɗu ɗaya suka yi. Daga zanen farko zuwa na ƙarshe kuma adadin zanen ya faɗo daidai yadda launukan suka haɗu babu saɓani.

Babu wayon lissafi da zai ciro abin da babu shi a zanen. Abokin aikina ya sa ɗigon kore a ɓangare ɗaya, ya bi shi a duk zanen. Mai ɗigo ja ne, daga nan a zagaya bi da bi. Aikin minti kaɗan ne a wajensa. Abin da ya dame ni shi ne ruwan hoda bai fito ba. Na ƙara doka: idan gurabe da yawa kusa da juna siffarsu ɗaya ce, kada a yarda da kusanci kawai.

13 ga Afrilu

Dokar ta kama ratsin wutsiyar kyanwa da yatsu, duk sun koma ruwan hoda. Wutsiya da hannu zan yi ta, ta fi sauri.

17 ga Afrilu

Inuwa. Da farko na bar shuɗin layi ya yanka gurabe tun kafin haɗawa, gurabe suka ninka, haɗawa ta lalace, domin inuwa ta fi jiki saurin sauya siffa. Yanzu mataki biyu ne. A ɓoye shuɗi da ja, a haɗa manyan gurabe a ba su launi. Sannan a dawo da shuɗi ya raba kowanne, ɓangaren inuwa ya ɗauki launinsa daga teburi: riga 3 inuwarta 4, fata 5 inuwarta 6. Layin shuɗin kansa yana narkewa cikin launin inuwa. Wane gefe ne inuwa? Abokin aikina na sa ɗan gicciye shuɗi a ciki. Inda ya manta, ruwan hoda.

Inda shuɗin layi bai kai ga baƙi ba, inuwa na zurara ta cika riga duka. Ƙwallo ta sake yin aiki a nan, ƙarama.

21 ga Afrilu

Fitowa tara cikin goma sha huɗu sun kammala. A masu natsuwa, tsayuwa da magana da juya kai, aikina bai wuce zanen farko da na ƙarshe da 'yan gyare-gyare ba. A masu motsi sosai kusan rabin ƙananan gurabe da hannu nake yi, sai dai manyan sun cika kuma na san inda zan duba. Wani ɓangare na lokacin da na samu ya koma kan abokin aikina, da kore da ɗigo da gicciye, ko da yake ya ce yanzu hannunsa ya saba yana yi tare da zanen.

Biyar da suka rage su ne masu wuya, musamman gudun yarinya da kyanwa a ruwa. A gudu ƙafar hagu da ta dama suna musanya wuri, kuma ta nesa a inuwa take, don haka ina sa ran irin abin laima. Shirin mako mai zuwa: in shafa kowane zane na shida da hannu don kada gādon kuskure ya yi nisa. In gwada auna motsin layi tsakanin zane biyu da OpenCV, a tura gurabe inda motsin ya nuna kafin a auna mamaya, duk da cewa a farar takarda mai layi kawai irin wannan awo ba ya da abin kamawa da yawa. Gudun kuma zagaye ne na zane takwas da ke maimaituwa, don haka jikin yarinya sau ɗaya za a shafa, gashi da laima ne za su bi ta shirin. Ɗigon ruwa na fallensu daban, launi ɗaya, ba sa buƙatar haɗawa. Ƙafar nesa za ta sami ɗigon kore tun daga takarda, abokin aikina ya ce zai fara gobe.